Motar Da Ke Kukan Jiniya Cikin Dare: Ina Za A Fara Dubawa?

'Yan'uwa fatake da dillalai, duk mai kwana a bakin kara ya san wannan fitina. Dare ya raba, shanu sun kwanta suna tuƙa, sai motar wani ta ɓarke da jiniya, ba ɓarawo ba kowa. Mai ita ya taso ya kashe, a jima kaɗan ta sake. A cikin gari abin bai wuce hana maƙwabta barci ba, amma a kara magana ce ta dukiya. Saniyar da aka koro daga daji ba ta san wannan ƙara ba. In ta zabura ta tsinke igiya sauran sai su bi ta, a wayi gari ana cigiyar bijimi ko ana ɗorin karaya. Kuma motar da ta saba kukan banza, ran da ɓarawon gaske ya taɓa ta ba mai ɗaga kai.

To, jiniya ba ta kuka haka kawai, ko da yake wasu kan ce aljanun kasuwa ne. Abin da ke wahalar da mai gyara shi ne in an kai masa motar sai ta yi tsit. Saboda haka aikin farko na mai mota ne: ya riƙe lokacin da take kukan da abin da ke faruwa a wurin.

In kukan na asuba ne, musamman da hunturu, a fara da batir. Sanyi yana rage masa ƙarfi, da yawa daga cikin na'urorin nan kuwa in wuta ta faɗi sai su ɗauka wani ne ke taɓa waya. Batir mai lafiya, mota a kashe ta huta, yakan nuna bolt 12.6 a mita. In ya sauka wajen 12.2, rabin caji ke nan. In inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, in bai kai ba, laifin na'urar caji ne, sabon batir ma ba zai daɗe ba. A duba kawunan batir ɗin, domin farin garin nan mai kama da kanwa da ke taruwa a kansu yana hana wuta wucewa. Ruwan zafi da burushi sun ishe shi, sannan a ɗaure da kyau. Mu da muke barin mota kwana uku ko huɗu a tsaye mu bi shanu cikin tirela, wannan ciwo namu ne.

In kuwa kukan na zuwa ne lokacin da tirela ta gifta, ko aka yi tsawa, ko sa ya goga jikinsa da motar, to na'urar jin girgiza ce aka ƙure mata ji. Irin wadda ake sawa a kasuwa galibi tana da ɗan abin murɗawa a ƙarƙashin sitiyari, a rage shi kaɗan kaɗan ana bugun taya da ƙafa har a daidaita. Wanda ya taɓa ajiye mota kusa da wurin lodi a Maigatari ranar Alhamis ya san ƙasa kanta rawa take yi.

Akwai kuma ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin bonet, wanda mutanenmu na Maraɗi da Damagaram ke ce wa kapo. Shi ke gaya wa jiniya an buɗe inji. Ƙura da tsatsa da gargadar hanya sukan sa ya yi sako-sako, iska kaɗan ta motsa murfin sai kuka. Ƙofofi da but suna da irinsa. Hanyar gane na ƙofa mai sauƙi ce: a rufe ko'ina da dare, a girgiza kowace ƙofa ana kallon fitilar ciki, wadda ta sa ta ƙifta ita ce mai laifi.

Motocin Kwatano da suka fito daga Turai suna da nasu hali. Wasu suna da na'urar da ke jin motsi a cikin mota, ta yadda gilas da aka bari a ɗan buɗe saboda zafi, ko ƙwaro, ko carbi da ke lilo a madubi, ya isa ya tayar da ita. Wasu kuma jiniyar tana da ƙaramin batir nata a ciki, in ya tsufa sai ya zubar da ruwa ya ci wayoyinta. Wannan ba ya gyaruwa a bakin hanya, sai canji. Kada a manta da ɓera, inda ake ajiye dusa da harawa ba ya rasa shiga inji ya ci waya.

Abin da nake roƙo shi ne kada haushi ya sa a sa wuƙa a yanke waya cikin dare. Jiniya da yawa an haɗa su da abin da ke hana mota tashi, ka yanke ka sami shiru, da safe ka murɗa makulli ita ma motar ta yi shiru, ga ka a bakin iyaka da kuɗin mutane a jiki. In dare ya kama ka, ka gwada kulle ƙofa da makulli da hannu maimakon rimot, domin a motoci da dama hakan ba ya kunna jiniyar. Sannan ka matsar da motar nesa da turakun shanu, inda mai gadi ke ganinta, har gari ya waye ka nemi mai wayarin da ke da mita.