Biya kafin magani: me dokar Najeriya ta ce?

Akan kai wanda ya yi haɗari asibiti jini na zuba, a ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa shi. Asibitoci na cewa wasu kan warke su tsere da bashi, kuma ledar ƙarin ruwa da allura saye ake yi. Gaskiya ne, amma rai ya fi.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili. Hukuncin: tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ba ta yafe kuɗin magani ba, ta hana jinkiri ne. In aka tsayar da kai, nemi shugaban asibitin, ka ambaci wannan sashe.