Jinkirin Haihuwa da Gyaran Rayuwar Ma'aurata a Gabashin Sakkwato

Haihuwa tana da babban matsayi a rayuwar Bahaushe, domin da ita gida yake kafuwa, kuma da ita mace take samun gindin zama a ɗakinta. Idan aka dubi harshen kansa za a ga inda al'umma ta ɗora laifin rashinta. Kalmomin "juya" da "bakarariya" mace ake jifa da su, da wuya a ji an kira namiji da makamancinsu. Binciken likitoci kuwa ya nuna cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai hannun matsalar namiji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa kimanin mutum 1 cikin 6 na baligai yakan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. A wurin likitoci, ana kiran abin rashin haihuwa ne bayan ma'aurata sun yi wata 12 suna saduwa ba tare da tsarin iyali ba, kuma ciki bai shiga ba.

Abu na farko shi ne sanin lokaci. Ƙwan mace yakan fito ne kimanin kwana 14 kafin zuwan hailar da ke tafe, kuma ba ya wuce kwana ɗaya a raye, alhali maniyyi yakan yi har kwana 5 a jikinta. Ke nan kwanakin ɗaukar ciki ba su wuce 6 a wata ba. Wannan ya shafi ƙasar Wurno da Raba da Goronyo ƙwarai, inda magidanta da yawa suke tafiya cin rani. Matar da mijinta ya yi wata huɗu a kudu ba ta cancanci gori ba, balle a yi mata kishiya a kan haka.

Akwai kuma matsalar ruwa. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a kan gulbin Rima a 1984, da fadamun Wurno inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, sun kawo arziki, amma ruwa mai kwanciya matattara ce ta ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da cutar tsargiya. Wasu sun ɗauki fitsarin jini a wurin yaro a matsayin alamar balaga. Wannan kuskure ne mai tsada, domin ƙwayayen tsutsar sukan zauna a mahaifa da hanyoyin ƙwai su toshe su, sukan kuma taɓa maniyyin namiji. Ƙwayar Praziquantel tana kashe tsutsar, sai dai ba ta gyara tabon da ya riga ya zauna. Haka ma ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa, wanda dole ne a yi wa miji da dukan matansa magani a lokaci guda. Matsin da ba a san abin da aka haɗa shi da shi ba yakan ƙara dagula lamarin.

Ta fuskar namiji, maniyyi yakan ɗauki kusan wata biyu da rabi kafin ya ƙosa, don haka wanda ya bar taba ko Tramadol ba zai ga canji a mako guda ba. Manomin da yake feshin maganin ƙwari a gonar albasa ba tare da rufe hanci da jiki ba yana cutar da kansa ta wannan fuska.

Ita kuwa mace, rama mai tsanani da ƙiba mai yawa duk sukan rikita haila. Wake da gyaɗa da zogale da kifi da nono suna nan a kasuwannin yankin. Ana kuma so ta fara shan ƙwayar folik asid, mikirogiram 400 a kullum, tun kafin ciki ya shiga, domin ba a fafe gora ranar tafiya: lakar jariri tana haɗuwa ne a cikin watan farko. Mai shayarwa ta san cewa shayarwar kan jinkirta fitowar ƙwai.

Idan shekara ta cika, ko wata 6 ga matar da ta kai shekara 35, sai miji da mata su tafi asibiti tare, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Gwajin maniyyi ya fi gwaje-gwajen mace sauƙi da arha, shi ya sa likitoci sukan sa shi cikin na farko.