Zuwa Yamai: ina za ki kwana, kuma nawa zai ci miki?

Bara bayan girbi, mu biyu muka raka wata ƴar ƙungiyarmu da likita ya tura Yamai don a yi mata aiki. Mun baro Maraɗi da asuba. Hanyar ta fi kilomita 600, kuma taya ta fashe mana bayan Ƙonni, sai bayan isha'i muka shiga gari. Dogaronmu duka lambar wani ɗan ƙanen mijinta ce. Muka kira, muka kira, salula a kashe.

Wani mai taksi ya ce ya san wuri mai araha. Da muka je aka ce ɗaki jikka 20, ƙofar ba ta kulluwa daga ciki, ga kiɗa da maza na shige da fice a tsakar gidan. Duk abin da ke ƙugunmu jikka 90 ne, bashin asusu, kuɗin magani. Muka ce ya maida mu tasha, can muka shimfiɗa tabarma har gari ya waye.

Da safe wata mai sayar da koko a bakin tashar ta ji Hausarmu ta ce, “Ƴan uwana, daga ina?” Ashe Badamagara ce, kuma tana cikin wani asusun mata a unguwar Bukoki. Ta kai mu gidan shugabarsu, aka ba mu ɗaki, muka yi kwana 11. Ku lissafa da kanku: kwana 11 a jikka 20, jikka 220 ke nan. Da wurin kwana ya cinye kuɗin magani tun ba a ga likita ba. Wannan ne ya sa na zauna da matan da suka saba tafiyar, muka tattara abin da kowace ta koya.

Me ya sa Yamai tsada?

Komai can yake: ma'aikatun gwamnati, Jami'ar Abdou Moumouni, manyan likitoci, Babbar Kasuwa, Katako da Wadata. Kowa can ya nufa, ɗakuna kuwa ba su isa ba. Wasu manyan otel-otel da kike gani a tsakiyar gari an gina su ne saboda taron shugabannin Afirka na shekarar 2019, ba don irinmu ba. Macen da ke zuba dala 100 kowane mako tana tara jikka 26 a shekara, kuma wannan bai biya kwana ɗaya a can ba. To, kada ki ɓata lokacinki wajen su. Masaukinmu wasu wurare ne daban.

Gidan dangi da na ƴan gari

Shi ne na farko, amma da sharaɗi. Ki yi magana tun mako guda kafin tafiya, kuma da uwargidan za ki yi, don ita ta san ko akwai wurin shimfiɗa. Ki faɗa mata ku nawa ne, kwana nawa, da abin da ya kawo ku. Ki karɓi lamba biyu ko uku, kada ɗaya ta yi miki yadda ta yi mana. A Yamai kwatance ya fi sunan layi amfani, saboda haka ki rubuta unguwa da alama: kusa da wane masallaci, wane famfo, wace lakwal.

Ki tuna mutanen birni sayen komai suke yi, har ruwa da gawayi. Iyali da yawa ɗaki biyu gare su. Tiya biyu ta gero, ƙuli-ƙuli, busasshiyar kuɓewa ko man gyaɗa, sun fi dogon godiya. In zaman ya wuce kwana uku, ki sa hannu cikin cefane ba sai an tambaye ki ba, ki kama shara da wanke-wanke. Haka ne gobe in wata ta zo daga garinku za a buɗe mata ƙofa.

In ba ki da dangi, ki tambayi ko ƴan garinku mazauna Yamai suna da ƙungiya. Garuruwa da yawa suna da ita, kuma su kan san gidan da ke saukar baƙi.

Kwana a tasha

Kamfanonin manyan motoci suna da tashoshinsu masu katanga da mai gadi, kuma fasinjan da ya iso cikin dare ko mai tashi da asuba yakan kwana a ciki. Ki riƙe tikitinki, shi ne shaidarki. Tun wurin sayen tikiti ki tambaya ko akwai ɓangaren mata da makewayi. In kin sauka cikin dare ba wanda ya zo tarbarki, zama a tasha har safe ya fi bin wanda ba ki sani ba. Jaka ta zama matashin kanki, kuɗi a jikinki. Amma tasha ta kwana ɗaya ce, ba wurin zaman mako ba.

In dole sai kin biya ɗaki

Akwai ƙananan masaukai cikin unguwanni, wasu ƙungiyoyi da majami'u ma suna da ɗakunan baƙi. Ki je da rana, ba da dare ba, don mai neman ɗaki da dare ba ya ciniki. Kada ki biya sai kin ga ɗakin da idonki. Ki duba ƙofa tana kulluwa daga ciki, ki duba taga, ki buɗe famfo ki ga ruwa. Ki lura da masu shiga gidan: in wurin shaye-shaye ne, ko ana ba da ɗaki na awa-awa, ki juya ko kyauta ne. Ki tambaya kuɗin na ɗaki ne ko na kowane mutum, da ƙarfe nawa kwana yake ƙarewa, kada a lissafa miki kwana biyu. Ki karɓi rasit. Mai fanka ya fi mai na'urar sanyi sauƙin kuɗi sosai, kuma in za ku yi mako, ku nemi ragi tun farko.

Wurin kirki zai nemi katin ɗan ƙasa ya rubuta sunanki. Wannan kariya ce gare ki. Amma a rubuta a maido miki, kada ki bar katinki a hannun kowa. In ku uku ne ko huɗu, ɗaki ɗaya ya ishe ku: kuɗin ya rabu, kuma kuna tsaron juna.

Unguwa ma lissafi ce

Ɗaki mai araha da ke nesa da buƙatarki ba araha ba ne, taksi zai cinye ragin. Kogin Kwara ya raba garin biyu. In aikinki a jami'a ne ko likitar Lamorde, ki nemi wuri a Harobanda, ƙetaren gadar Kennedy. In sari kika je, Bukoki, Zongo, Kalley da Wadata sun fi kusa da kasuwanni, kuma Hausa ta ishe ki ciniki, ko da yake “fofo” ɗaya ta Zabarmanci tana buɗe fuska. Taksin Yamai na haɗaka ne. Ki faɗi inda za ki, ki ji kuɗin kafin ki shiga, kuma ki tabbata ba shatar motar duka ya lissafa miki ba.

Da damina ki yi hattara da gidajen bakin kogi da na kwari. A shekarar 2020 kogin ya cika ya shiga unguwannin ƙetare, iyalai da yawa suka rasa muhalli. Sauro ma ya fi yawa can, kada ki manta da sange.

Masu jinya

Yawanci mai jinya ɗaya ake bari kusa da marar lafiya, sauran a waje suke kwana kan tabarma. Ku daina tafiya mutum biyar don nuna zumunci, kowane baki kuɗi ne. Biyu sun isa, ɗaya na ciki ɗaya na hutawa a masauki, kuna canji. Ku tafi da tabarma, buta, bokiti, tocila, abin cajin salula da ɗan kwaɗon kulle jaka. Garin rogo, tukuɗi da ƙuli suna rage sayen abinci sau uku a yini.

Kuɗi da tsaro

Kada ki ɗaure kuɗin duka a zane ɗaya. Ki riƙe na kwana biyu, sauran ma'ajiya ta turo miki kaɗan-kaɗan ta wuraren aika kuɗi irin su Nita, Amana ko Al Izza. Kuɗin komawa gida ki ware shi daban, ko ki sayi tikitin tun da wuri. Kullum da yamma ki kira gida ki faɗi inda kika kwana. Lambar ƴan sanda 17, ta masu kashe gobara 18.

Ga kuma maganar ɗiyanmu masu zuwa jarrabawa ko neman gurbin karatu. Kada a sa yarinya a mota da lambar wanda uwarta ba ta taɓa jin muryarsa ba. Duk wanda ya ce ga masauki kyauta ga aiki, a turo ta kawai, a bincika shi sosai kafin a amsa.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Tun da aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙungiyoyi sun bazu ko'ina har cikin Yamai. Wannan dukiya ce da ba mu amfani da ita. Mu a ƙungiyarmu mun yanke abu uku. Sakatariya ta buɗe shafi a bayan littafi, duk wadda ta dawo tafiya sai ta faɗi inda ta sauka, nawa ta biya, da ko za ta sake komawa. Asusun taimako yanzu yana ɗaukar kuɗin kwana biyu na wadda ta tafi jinya. Sannan mun ƙulla zumunci da ƙungiyar nan ta Bukoki: tamu in za ta je, shugaba ta kira shugaba, ta tafi da takardar shaida. Su ma in sun zo sari Maraɗi, gidajenmu nasu ne, kuma sau biyu ke nan muna saukar su.

Ƴar uwar da muka raka ta warke, ta biya bashinta kafin rabon asusu. A zamanku na wannan mako, shugabanni, ku tambayi mata wa ke da ƴar uwa a wani asusu na Yamai, a rubuta lambar tun buƙata ba ta taso ba. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.