Limamin Da Ya Tsaya A Kan Fam 28

A cikin shekarar 1705 aka kama wani limamin Kirista mai suna Samuel Wesley, aka kulle shi a kurkukun Linkon da ke ƙasar Ingila, saboda bashin misalin fam 30 da ya kasa biya. Ya yi 'yan watanni a tsare, ya bar matarsa da ɗimbin 'ya'ya cikin ƙunci. A cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara 2 mai suna John, wanda daga baya ya kafa ɗariƙar Metodis.

John Wesley ya tashi a gidan da bashi bai taɓa rabuwa da shi ba, don haka ba abin mamaki ba ne da ya ɗauki sarrafa kuɗi a matsayin ibada. A zamansa na Jami'ar Oksfod, abin da yake samu a shekara fam 30 ne. Ya lissafa, ya ga fam 28 sun ishe shi, sai ya ba da biyun sadaka. Shekara ta zagayo, samunsa ya kai fam 60, bai ƙara ko sisi a kan 28 ɗin ba, ya ba da 32. Da ya kai 90 ya ba da 62, da ya kai 120 ya ba da 92.

Nan ne wuyar al'amarin take. Tsimi a lokacin babu tilas ne, kowa ma yana yi. Amma ma'aikacin da aka yi wa ƙarin albashi ya san yadda bukatu ke tsirowa tun kafin kuɗin su shigo hannu: sabuwar riga, sababbin kujeru, sai kuma a ci na watan gobe tun yau. Wesley ya riga ya yanke wa bukatarsa iyaka, ƙarin da ya zo daga baya bai sami wurin shiga ba.

Abin da ya koya wa mabiyansa shi ne su nemi kuɗi ta hanyar halal iyakar ƙoƙari, su guji almubazzaranci, sa'an nan su bayar, domin a ganinsa dukiya amanar Allah ce. Dokokin da ya rubuta musu a 1743 sun hana cin bashi, ko ɗaukar kaya a kanti, muddin mutum ba shi da tabbacin biya. Duk da haka bai haramta rance ga mabukaci ba. Wajen 1746 ya buɗe asusu a Landan, inda talaka mai sana'a ke iya karɓar har sule 20, ya biya kaɗan-kaɗan cikin wata 3.

Littattafansa sun kawo masa kuɗi masu yawa, har a 1776 ma'aikatan haraji suka rubuto suna tambayar kayan azurfar da suke zaton ya ɓoye. Ya amsa musu cewa cokula biyu gare shi a Landan, biyu a Biristol, kuma ba zai ƙara ba alhali mutane na kwana da yunwa.

Da tsufa ya zo, damuwarsa ita ce mabiyansa sun iya nema da tanadi har sun yi arziki, amma hannunsu ya yi nauyi wajen bayarwa. Ya rasu a 1791, ya bar wasiyya cewa matalauta 6 su ɗauki gawarsa, a ba kowannensu fam guda.