Wata shida a fili da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa

A watan Mayun 2022 AC Milan ta ɗauki kofin gasar Italiya bayan shekara 11 tana nema. Ba a gama shagali ba aka ji Zlatan Ibrahimovic, mai shekara 40 a lokacin, yana kwance a wani asibiti a birnin Lyon na Faransa, an yi masa aiki a gwiwar hagu. Sai a nan ya fito da abin da ya ɓoye: wata shida ya yi yana buga ƙwallo alhali jijiyar tsakiyar gwiwarsa a tsinke take. Ya ce allurar da aka yi masa ta haura 20, duk mako sai an zuƙe masa ruwa a gwiwar, kullum sai ya sha maganin ciwo, atisaye tare da abokan wasansa kuwa sau 10 kacal ya samu yi.

Magoya baya suka yi ta jinjina masa. Ni kuwa hankalina ya koma kan samarin da ke buga ƙwallon yamma a filayen unguwa, waɗanda za su ji labarin su ce ashe ana iyawa.

A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, suna ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban, wadda likitoci ke kira ACL, ita ke hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa. Sau da yawa ba sai an yi wa ɗan wasa keta take tsinkewa ba. Ya isa ya taka birki kwatsam, ko ya juya jiki ƙafarsa na kafe a ƙasa, ko ya yi mummunar dira bayan tsalle. Wasu kan ji ƙara ƙas! Cikin 'yan sa'o'i gwiwar ta kumbura, domin jini ya taru a ciki.

Yaudarar tana zuwa ne daga baya. Bayan 'yan makonni kumburin ya saɓe, zafin ya lafa, mutum ya taka lafiya, har ya yi gudu in dai a miƙe ne. Sai a ce ai targaɗe ne, mai ɗori ya gyara. Ko an ɗauki hoton ƙashi ba za a ga jijiyar ba, sai likita ya gwada gwiwar da hannu, a tabbatar da hoton MRI. Ranar da saurayin ya koma fili ya zo yanke abokin hamayya, sai gwiwar ta zame ta kayar da shi. Tsakanin ƙasusuwan nan biyu akwai guringuntsi da ke zaune kamar gammo, kuma duk zamewa ɗaya tana iya yaga shi. Wanda ya lalata wannan gammon yana saurayi, shi ne ciwon gaɓa ke yawan riska tun bai tsufa ba.

Ba kowa ne ke buƙatar tiyata ba. Wani bincike da aka yi a Suwidin kan matasa 121, aka wallafa a 2010, ya kwatanta waɗanda aka yi wa aiki da wuri da waɗanda aka fara ɗora su kan atisayen ƙarfafa ƙafa. Bayan shekara biyu ba a ga wani babban bambanci ba, kuma fiye da rabin rukuni na biyu ba su kai ga shiga ɗakin tiyata ba. Amma waɗannan suna ƙarƙashin kulawar masu gashin ƙashi ne, ba ɗaure gwiwa suka yi da bandeji suka koma fili ba.

Idan aka zo aikin, yawanci ba ɗinke tsohuwar ake yi ba. Ana yanko wata jijiya daga jikin mutum, ta ƙasan ƙoƙon gwiwa ko ta bayan cinya, a huda ƙasusuwan biyu a dasa ta. A watannin farko dashen yakan yi rauni kafin ya kama, daidai lokacin da majinyaci ya ajiye sanda yana jin kansa garau. Naman cinya kuma ya zube, sai an sake gina shi da atisaye na yau da gobe: miƙe ƙafa, lanƙwasa ta, keke, ɗaga nauyi, sannan gudu, can ƙarshe tsalle da juyi. Nan ne haƙurin mutane da yawa ke ƙarewa, kuma a ganina nan ne ya fi cancanta iyaye da masu horarwa su tsaya kai da fata.

Wani bincike da aka yi kan 'yan wasa a Amurka da Norway, wanda ya fito a 2016, ya gano cewa duk wata ɗaya da aka ƙara jira kafin komawa fili, har zuwa wata tara bayan aiki, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. Virgil van Dijk na Liverpool, da duk likitocin da ke kewaye da shi, ya ji nasa raunin a Oktoban 2020 a wasa da Everton, bai sake taka leda ba sai ƙarshen Yulin 2021. Shi ma Zlatan sai Fabrairun 2023 ya dawo. Wasanni kaɗan ya buga, a watan Yuni ya tsaya a tsakiyar filin San Siro yana hawaye ya yi ban kwana da ƙwallo.