Yadda Manyan Motoci Suka Karɓe Dakon Kaya Daga Hannun Jirgin Ƙasa

Mafi yawan kayan da ke zirga-zirga tsakanin tashar jiragen ruwa ta Apapa da kasuwannin Arewa a yau manyan motoci ne ke ɗaukarsu, alhali kuwa domin wannan aiki aka shimfiɗa layin dogo tun farko.

Layin da ya taso daga Legas ya isa Ibadan a shekarar 1901, wanda ya taso daga Baro kuma ya shiga Kano a 1911, sa'an nan aka haɗe su a 1912. Zuwan jirgin shi ya buɗe wa gyaɗa da auduga da fatu hanya zuwa bakin teku, har dalar gyaɗa ta zama alamar arzikin Kano. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, kuma lokacin da layin ya kai Maiduguri a 1964 tsawonsa ya kai kimanin kilomita 3,500. A wannan shekara hukumar ta ɗauki fasinjoji fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3.

Bayan shekara goma adadin ya faɗi zuwa ƙasa da rabi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya lalata layin Gabas. Noman gyaɗa ya ja baya sakamakon fari da cuta, jirgin ya rasa babban kayan da yake dogaro da shi. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma aka zuba su a gina tituna, ga mai da araha saboda tallafin gwamnati. Ita mota tana ɗauko kaya daga bakin sito ta sauke su a ƙofar shago, a ranar da mai kaya ya so. Shi kuwa jirgi yana bin tsohon layi siriri mai yawan kwana, ga taragu sun tsufa, ɗan kasuwa bai san ranar da kayansa za su iso ba.

Sai dai wannan canji yana da tsada. Siminti da taki da man fetur da hatsi kaya ne masu nauyi da suka fi dacewa da jirgi a doguwar tafiya. Da suka koma kan titi sai hanyoyi suka riƙa lalacewa da wuri, kuma tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ƙara hauhawa, ya shiga cikin farashin kowane buhu.

Sababbin layukan Abuja zuwa Kaduna (2016), Warri zuwa Itakpe (2020) da Legas zuwa Ibadan (2021) sun fi ƙarfi wajen ɗaukar fasinja. Ribar da 'yan kasuwa ke jira za ta samu ne idan layin zamani ya haɗa Apapa da Kano ba yankewa, tare da jadawalin dakon kaya da mai kaya zai iya ƙulla ciniki a kansa.