Kafin ka sayi Boerboel don gadin sito

A shirinmu na makon jiya wani ɗan kasuwa ya bugo waya yana tambaya kan ƙaton karen nan da ake kawowa daga Kwatano da Legas, Boerboel. Ga amsar a rubuce, don wanda bai ji ba.

Asalinsa karen manoman Afirka ta Kudu ne, an yi kiwonsa don tsaron gona da gida. Babban namiji yakan wuce kilo 60. Yana da natsuwa, ba ya yawan haushi, yana manne wa mutanen gidansu. Amma baƙo bai yarda da shi ba, kuma idan ya kama, ba ya saki da wuri. Faransa ma ta sa irin siffarsa cikin karnuka masu haɗari tun dokar 1999.

To, ina matsalar take? Wajen reno ne, ɗan'uwa. Wasu sai su ɗaure shi da sarƙa tun yana ɗan kwikwiyo, su hana shi ganin mutane, wai don ya yi zafi. Karen da ya tashi haka ba ya bambanta ɓarawo da yaron maƙwabta da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Watanni ukun farko su ne komai: ya saba da 'ya'yanka, da masu dakon kayanka, da akuya, da ƙarar babur. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi umarni, ban da duka. Ko ya saba ɗin, kada a bar shi da ƙaramin yaro su kaɗai.

Sai zafin Malanbil. A watan Afrilu mukan haura digiri 40, kare kuwa da haki yake sanyaya jikinsa, kuma mai nauyi ya fi saurin galabaita. A ba shi inuwa ta gaske, ba ƙarƙashin kwano ba, da ruwa yini guda. Yawo sai da asuba ko bayan magariba.

Ku 'yan albasa, ku saurara da kyau: albasa guba ce ga kare, ɗanya ko dafaffa, tana lalata masa jini. Ragowar miya ba abincinsa ba ne. Maganin kaska na shanu ma kada ku auna masa da ka, ku tambayi likitan dabbobi.

Allurar haukan kare tun yana wata uku, a riƙa maimaitawa, a adana katin. In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a wuce asibiti ranar.

Makiyaya kuwa, ni dai ban ga abin da zai kai ku ba. Boerboel ba zai jure tafiyar mashekari ba, kuma cinsa ya fi ƙarfin ruga. Dogon karen Azawak na Buzaye da Fulani, mai kilo 20 zuwa 25, ya san rana, ya san kura, yana kwana a gefen garke tun zamanin kakanni.